Kwanon Da Ba A Taɓawa: Shafi na 17

Na ga masu zagin Hae-ran a ƙarƙashin shafin da ya wuce. Ban hana ku ba, amma ku bari ta isa gida tukuna.

*

Kwana tara ke nan rabon da mahaifiyar Hae-ran ta ɗauki wayarta, tun ranar da aka haska kashi na goma sha ɗaya na shirin soyayyar da Hae-ran take cikin ƙananan marubutansa. Shi ya sa ta hau motar safe daga Seoul ba tare da ta nemi izinin kowa a wurin aiki ba. Awa huɗu da rabi ta yi a hanya tana tsara abin da za ta ce.

Tana shiga lungun kasuwar Tongyeong, duk abin da ta tsara ya gudu.

Layi ne tun daga ƙofar shagon miyar uwarta har gaban masu busasshen kifi. 'Yan matan Indunusiya da lulluɓinsu, wasu Turkawa mata da miji, da wata dattijuwa 'yar Brazil da ta rungume hoton jarumin shirin kamar ɗan da ta haifa. Shagon da tebur biyar ne kacal a cikinsa, wanda a da masunta da 'yan dako kaɗai suka san hanyarsa.

Ta kutsa ta leƙa. A kowane tebur kwanuka sun fi mutane yawa. Mutum biyu, kwano uku. Su sha nasu, su gyara wa na ukun zama a gaban kujerar da ba kowa, su kwantar da cokali a gefensa, su ɗauki hoto. Wata har da share hawaye. Daga nan su tashi su bar shi yana tururi.

Haka aka yi a kashi na goma sha ɗaya. Ita ce ta buga shafin da yatsunta.

Uwarta, Bong Sun-rye, ta fito daga kicin da tire a hannu. Idonsu ya haɗu. Ta ɗauke wani kwano da ba a taɓa ba, ta juye shi a bokitin shara a gaban masu shi, sannan ta ɗaga murya.

"Mun tashi. Kowa ya fita."

Ba su ji yaren ba, amma sun ji muryar. Suka yi ta rusunawa suna fita ɗaya bayan ɗaya. Ta ja ƙofar ta juya allon da ke jikinta.

"Omma..."

"Kar ki kira ni."

"Omma, kwana tara nake kiran wayarki."

"Na gani. Ina da ido. Zauna mana, babbar marubuciya. Ko ke ma kwano biyu zan kawo miki?"

Hae-ran ta tsaya riƙe da jakarta. "Ina Appa?"

"Ubanki yana tashar mota yana nuna wa baƙinki hanya. Ya sayo sabuwar hula. Ya koyi gaisuwa da yare huɗu. Mutum ya sauka daga jirgin kamun kifi don ya huta, kin mai da shi ɗan jagora. Duk wanda ya tare sai ya ce masa 'yata ce ta rubuta." Ta nuna bango da haɓa. "Kin ga allon abincin can? Shekara talatin ban taɓa sayar da miyar miyok, ta ganyen teku, a shagon nan ba. Shi ya hau kujera ya rubuta ta da hannunsa, don ita kaɗai suke tambaya."

"Ba ni na faɗa musu shagon ba, Omma. Malama Tak ce. A wata hira da aka yi da ita a Jakarta ta ce labarin gaske ne, na uwar wata yarinyarta mai shagon miya a kasuwar Tongyeong. Masu kallo ne suka bi diddigi har..."

"Ita Malama Tak ɗin a mafarki ta ga kicin ɗina?"

Hae-ran ta sunkuyar da kai.

Malama Tak Mi-gyeong ita ce babbar marubuciyar shirin, kuma tana da doka. Duk Litinin, ƙananan marubuta uku da ke ƙarƙashinta sai kowa ya kawo abu daga gidansu. Ba ta son abin da aka karanta a littafi, abin da aka gani da ido take so. Mako uku Hae-ran tana zama bakinta a rufe, har Malama ta ce mata Litinin mai zuwa ko ta kawo labari ko ta kawo makullin ofis. Ranar Litinin ɗin ta buɗe baki. Ta ce duk shekara, ran sha huɗu ga Nuwamba, uwarta takan dafa miyar miyok, ta zuba kwano ɗaya da shinkafa a ƙaramin teburin kicin, ba mai taɓawa har ya huce. Ta ce na ƙanwar uwarta ne da ta rasu tun suna yara.

Tambaya biyu kawai Malama Tak ta yi mata. Cokalin, a tsaye ake soka shi cikin shinkafar ko a kwance yake? A kwance. Ana kunna turare? Ba a kunnawa. Sai Malama ta cire tabarau ta yi murmushi, ta jawo takarda. Bayan mako biyu kwanon ya zama na uwar jarumar shirin, wadda ta ba da jaririyarta aka kai ƙasar waje. Saurayin jarumar ne ya gano, ta wurin cokalin. A wannan wurin ne rabin duniya ta yi kuka.

"Na ɗauka ƙirƙira ce ta yi," in ji Hae-ran a hankali. "Ke kika ce min na ƙanwarki ne."

"Shekararki nawa?"

"Omma..."

"Na ce shekararki nawa!"

"Ashirin da tara."

"Sau nawa kika tsaya a bayan ubanki ranar tunawa da kakanki? Ina yake sa cokali?"

"A cikin shinkafa."

"Yaya?"

"A tsaye."

"To wa ake kwantar wa cokali a gefen kwano?"

Hae-ran ta kau da kai.

"Buɗe baki! A Seoul ai kin buɗe shi."

"Mai rai."

"Miyar miyok fa, yaushe ake dafa wa mutum ita?"

"Ranar haihuwarsa."

"Ashe kin sani." Uwar ta buga tiren a kan tebur har cokula suka yi tsalle. "Matar da ba ta taɓa ganina ba ta gane a minti ɗaya. Ke da kika girma a kicin ɗin nan, kika yi jami'a shekara huɗu kina karatun adabi, za ki tsaya ki ce min kin ɗauka ƙirƙira ce? Dube ni. Lokacin da ta ba ki shafin ki buga, ba abin da ya ɗarsu a ranki?"

Ƙarya tana kan harshen Hae-ran, mai sauƙi, amma idon uwarta ya hana ta fita.

"Ya ɗarsu."

"Sai kika yi me?"

"Sai na ce ba zai yiwu ba. Na ce uwata ce, da na sani."

"Sai kika ci gaba da bugawa."

"Ta ce za a sa sunana a kashin, Omma. Shekara biyar ina dafa mata kofi, ina kwana a ƙasan teburinta, sunana bai taɓa fitowa ko sau..."

"Ya fito ai! Na gani. Ok Hae-ran, da manyan haruffa. Ubanki ya tsayar da hoton ya ɗauka da waya ya tura wa duk 'yan uwansa." Ta nuna ta da yatsa. "Ranar da kika sa a shirin fa? Ko ranar ma Malama Tak ce? Kwana ɗari uku da sittin da biyar ne a shekara. Ba ki ga wata ba sai tawa?"

Wannan kam ba ta da wanda za ta ɗora wa. Cike gurbi aikin ƙananan marubuta ne: sunan titi, lambar mota, kwanan wata. A ranar, rubutu ya makara, 'yan wasa suna tsaye a wurin ɗauka da kwalliyarsu suna jiran takarda, aka ba ta minti ashirin.

"Sauri ake yi. Hannuna ne kawai ya rubuta abin da ya sani."

"Hannunki." Uwar ta yi wata dariya mara daɗi. Ta jawo kujera ta zauna. "To tunda labari kike so, zauna ki ji na gaskiya. Ki kai mata ranar Litinin."

"Omma, don Allah."

"Zauna!"

Ta zauna.

"Shekarata goma sha tara. Ina ɓare kawa, dodon koɗin teku, a ma'aikatar bakin ruwa. Saurayina na lokacin kuma ya hau babban jirgi ya ce wata shida zai yi. Har yau wata shidan bai cika ba. Da ciki ya fito, kakarki ta ɗaure min shi da zane ta kai ni wani gida a Busan, ta ce wa maƙwabta na samu aiki. Sha huɗu ga Nuwamba na haihu. Mace. Kwana uku na ba ta nono. Ran na huɗu kakarki ta sa hannu a takarda, ta kawo min miyar miyok a kwanon silba, ta ce sha ki manta." Ta girgiza kai. "Ban sha ba. Bana shekara talatin da tara ke nan."

Hae-ran ta zuba wa uwarta ido. Tana da yaya. Tana da yayar da ta girme ta da shekara goma, a wata ƙasar da ba wanda ya san sunanta, kuma ita ce ta buga ranar haihuwarta ta aika wa duniya.

"Appa... ya sani?"

Uwar ta ɗago da sauri. "Da ya sani za ki same shi a tasha da sabuwar hula? A budurwa uwarsa ta karɓe ni. A budurwa aka rubuta ni a littafin danginsu. Tare muka kalli kashin nan naki, yana gefena yana ɓare lemo. Ya yi kuka har da majina. Ya ce, Maman Hae-ran, kin ga yadda 'yarmu ta ɗauki kwanon ƙanwarki ta mai da shi labari? Sannan ya ce..." Ta tsaya. "Ya ce, amma wace irin uwa ce za ta ba da 'yarta, ta dawo gida ta ci gaba da cin abinci?"

"Wayyo, Omma."

"Ya miƙo min lemon. Na karɓa na ci. Me zan yi?"

Hae-ran ta miƙa hannu za ta taɓa ta. Uwar ta janye nata.

"Kar ki taɓa ni. Abu ɗaya nake da shi na yarinyar nan. Ba hoto, ba suna, ba kabari. Kwano ɗaya, sau ɗaya a shekara, ni da ita. Yanzu sau arba'in nake zuba shi a rana, ina kallon yara suna yi masa hoto suna dariya, ina kwashewa ina zubarwa a bokiti. Kin san abin da kika mai da ni? Mai wasan kwaikwayon kaina."

"Zan gyara."

"Da me?"

"Zan... zan yi magana da ita."

"Ke? Ke da ko ruwa ba kya iya tambaya a gidan mutane?" Ta turo mata jakarta da ƙafa. "To kira ta. Yanzu, a gabana, ki buɗe muryar wayar in ji. Ta fito ta ce ƙarya ta yi a hirar nan, babu wani shago, babu wata uwa. Kuma ki saurara da kyau, Hae-ran. Ranar da maganar nan ta shiga kunnen ubanki, ba ni da 'ya a Seoul. Na taɓa rasa ɗaya na rayu."

Hae-ran ta lalubo lambar. Bugu biyu aka ɗauka.

"Ok Hae-ran! Ina kika shiga? Kashi na goma sha biyar ne zai rubuta kansa?"

"Malama, ina Tongyeong."

"Tongyeong?" Muryar ta canza nan take, ta yi zaƙi. "Kai, yarinyar nan, ashe kina da sa'a. Kina shagon? Mamanki tana nan? Kar ki bari ta je ko'ina. Kuma kar ki bari ta canza kaya, da tufafin aikinta ake so."

"Wa yake so? Malama, na kira ne in roƙe ki. Abin da kika faɗa a Jakarta, ki janye shi. Mutane sun cika shagon, mahaifiyata ba ta..."

"In janye? Muna kan gaba a ƙasashe goma sha bakwai, in janye? Saurara. Wata mata ta rubuto wa kamfani daga Norway. Ta kalli kashinki da fassara, ta ga kwanan watan, ta tashi ta ɗauko takardar haihuwarta. Sha huɗu ga Nuwamba. Busan. Uwa 'yar Tongyeong, shekara goma sha tara. Na karanta har tsigar jikina ta tashi. Shekara ashirin da biyar ina rubutu ban taɓa ƙirƙiro irin wannan ba."

Hae-ran ta kalli uwarta. Fuskar Bong Sun-rye ta yi fari fat, hannunta ɗaya ya damƙe gefen tebur.

"Me kika yi, Malama?"

"Abin da duk mai hankali zai yi. Mun kawo ta. Za a haska haɗuwar kafin kashin ƙarshe. Tun safe suka taso da masu kyamara, yanzu ya kamata a ce sun shigo gari."

"Ba ki faɗa min ba!"

"Da na faɗa miki da kin ɓata komai. Kallon farko ake so, ba a maimaita shi."

Shekara biyar Hae-ran ba ta taɓa ɗaga wa matar nan murya ba. Ko ido ba ta haɗawa da ita. Sai ga shi ta miƙe tsaye har kujera ta kife a bayanta.

"Uwata ce! Mutum ce, ba shafi ba ce! Mahaifina bai sani ba, kin ji ni? Bai sani ba! Wa ya ba ki izini? Wa kika tambaya?"

"Ke, da wa kike magana?"

"Da ke! Ki kira su su juya. Yanzu!"

"Ok Hae-ran." Muryar ta yi sanyi. "Ban haura katangar gidanku na sato komai ba. Da ƙafarki kika kawo min, kika ajiye a tebur, kika ce na gode da na karɓa. Kuma ita matar fa? Shekara talatin da tara tana neman uwarta. Ke za ki tsaya a gabanta ki ce ta koma?"

"Ta zo ita kaɗai, ba da kyamara ba, ba yau ba! In mahaifiyata ta yarda!"

"Ba a juya motar ɗauka saboda ƙaramar marubuciya ta yi fushi."

"To ki cire sunana. Na bar aikin."

"Sunanki ya riga ya zaga duniya, 'yata. Ki share hawaye ki gyara gashinki, ke ma za ki fito."

Malama ta kashe wayar.

Uwar ta miƙe. Ta kai hannu baya za ta kwance igiyar rigar aikinta, yatsun suka ƙi. Ta ja, ƙullin ya ƙara ɗaurewa.

"Tana raye," ta ce, ba da Hae-ran take ba. "Norway. Ina ne Norway? Akwai sanyi?"

"Omma, ki fita ta ƙofar baya. Ki wuce gidan wanka na unguwar Hajjin-dong ko ina ma, ki kashe waya. Ni zan tsaya a nan. Ba mai kyamarar da zai taka shagon nan, ko zan kwanta a bakin ƙofa. Ita kuma zan karɓi lambarta, in kin shirya..."

"In gudu? In sake barinta a bakin ƙofa?"

"To ki tsaya, amma Appa..."

"Rufe min baki in yi tunani! Ke kika jawo, ki bar ni in yi tunani!"

Ta yi taku biyu wajen kicin, ta dawo. Ta shafa gashinta da ya yi furfura a gaba. Ta dubi hannayenta masu ƙarnin kifi ta goge su a jikin riga, ta sake gogewa. Hae-ran ta ruga wajen ƙofa don ta murza makulli.

Kafin hannunta ya kai, aka ja ƙofar daga waje.

"Maman Hae-ran! Wa yake rufe shago da rana tsaka, ga mutane a layi? A'a! Hae-ran! Yaushe kika zo, ba ko waya?"

Mahaifinta ne, da sabuwar hularsa, fuskarsa cike da fara'a. A bayansa maza biyu ne, ɗaya da kyamara a kafaɗa, jar fitilarta a kunne. A tsakaninsu wata mata ce doguwa cikin rigar sanyi mai ruwan toka, ta riƙe wata tsohuwar takarda da hannu biyu.

"Appa, tsaya, kar ka..."

"Matsa mana, baƙi ne daga wurin aikinku. A tasha na tsince su suna ta lalube." Ya kauce ya ba matar hanya, yana yi mata nuni da hannu. "Shigo, shigo. Kin ga wannan, Maman Hae-ran? Fuska tamu, amma ko kalma ɗaya ba ta ji. Tun a tasha nake ce wa yaran nan na san fuskar nan a wani wuri, na rasa ina ne..."

Ya juyo yana dariya, ya dubi matarsa.

Ya sake duban baƙuwar.

Dariyar ta tsaya.